Labulen Ɗakin Balkisu

Wurno, ranar Laraba.

Zuwa ga ɗiyata Balkisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wagga takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ki daga sharrin baƙon wuri, Ya haɗa ki da abokan zama nagari a makarantar nan ta koyon jinya. Babanki zai kawo maki sauran kayanki Sakkwato jibi, shi zan ba wasiƙar. Na ce mashi kada ya buɗe, ya ce shi ina ruwanshi da zancen mata.

Ba labarin gida zan ba ki ba, kwana huɗu ba su isa a tara labari ba. Ranar da kinka tafi mun daɗe tsaye a tasha muna jiran mota ta cika. Akwai magana a bakina tun daga gida, na yi ta juya ta, har direba ya tada mota. Abin da ya fito kawai shi ne, "Kin ɗauko bokitinki?" Kinka ce, "Na ɗauko, Inna." Shi ke nan bankwanar da na yi da ke. Tunda bakina ya gaza, bari in gwada da hannu.

Maganar labule ce. Ke kin san wanda nake nufi. Zan faro ta tun daga tushe, ko da yake a gabanki anka yi komai, don ki ji yadda abin yake ta gefena, kuma ki tsinci abin da zai amfane ki cikin kurakuraina.

Kina da shekara goma sha biyu ranar da mutanen daji sunka shigo ƙauyenmu na gabas da Rabah. Ana sallame azahar munka ji ƙarar babura. Babanki yana kasuwa, yayanki yana gona. Na san 'yan mata suke ɗauka, don haka na cicciɓe ki na jefa cikin rumbun gero, na mai da murfin, na ce ko mi kinka ji kada ki motsa. Na ja ƙanwarki Saratu, lokacin tana 'yar shekara shida, munka kwanta cikin dawa bayan gida. Sai dab da faɗuwar rana na dawo na buɗe rumbun. Kin fito ba ki yi kuka ba, ni kuwa na ɗauka hakan yana nufin ba abin da ya same ki. Ban ma samu sararin duba ki ba, don a lokacin ne anka shigo da yayanki a kan amalanke. Da yana raye kunyar ɗan fari ta hana ni kiran sunanshi, yanzu kuma baƙin ciki ya hana ni rubuta shi. Allah Ya jiƙan shi.

Munka taso munka dawo Wurno. Shekara biyu muna cunkushe a ɗaki guda na haya, kafin Allah Ya sa wa noman albasar babanki albarka munka samu ɗan gidan nan. Ranar da ya nuna maki ɗakin kusa da zaure ya ce naki ne, ke kaɗai, ranar na fara ganin haƙoranki tun barinmu ƙauye. Ku biyu kunka shafe bangon da fenti algashi, wanda kinka zaɓa da kanki. Kinka shimfiɗa leda ruwan madara a ƙasa. Zanen gadonki fari ne mai ganyaye. Kinka wanke kwalbar turare kinka tsoma reshen filawa a ciki kinka aje kan taga. Kin zo kin ja hannuna kina cewa, "Inna, zo ki gani. Labule kaɗai ya rage. Ina son shara-shara, ruwan madara, mai 'yan furanni kore, don ya shiga da bango da leda. In rana ta bugo shi ɗakin duk zai yi haske."

Ke kina kallon ɗaki, ni ina kallon taga. Tagar tana fuskantar lungun da masu babur ke ratsawa. Duk babur ɗin da ya wuce sai in tuna ranar nan ta ƙauye. Na ce maki, "To, za a duba." Ban faɗa maki abin da ke raina ba.

Ranar kasuwar Achida na shirya ni kaɗai, na ce maki ki tsaya ki dafa wa Saratu abinci. Mai yadin ya tambaye ni, "Hajiya, na ɗakin wa?" Na ce na budurwa. Ya zaro wasu masu haske guda uku ya baza, kuma wallahi akwai irin wanda kinka kwatanta a cikinsu. Na ture su gefe na ce, "Ba ni wanda ko fitila anka kunna a bayanshi ba a gani." Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Irin wanga ai masu gidan kallon ƙwallo ke saye." Na ce shi nake so. Ruwan ƙasa ne mai duhu, kauri kamar bargo. Ko awon tagar ban yi ba, don haka ya zo har yana jan ƙasa. Kuma ban rataye shi a waya yadda za a iya zuge shi ba. Na samu ƙusa na kafe shi sama da ƙasa.

Kin tsaya a bakin ƙofa kina kallo har na gama. Algashin bangon nan ya koma kamar gansakuka. Kinka ce, "Inna, bai shiga da komai ba." Na ce, "Ba don ado na saye shi ba." Babanki ya leƙo ya ce, "Malama, ki bar wa yarinyar nan ko ɗan gefe ta sha iska mana." Na ce mashi da ya san zafin haihuwa da bai faɗi haka ba. Ya juya ya fita. Shi ma ɗanshi ne anka kashe, amma na yi mashi magana kamar ni kaɗai na yi rashi.

Kuskurena na farko ke nan, kuma ga abin da nake so ki riƙe. Ranar da tsoro ya cika maki ciki, kada ki yanke wa wani hukunci a ranar. In kuma ya zama dole, to ki kira tsoron da sunanshi. Da na zaunar da ke na ce, "Balkisu, ina jin tsoron tagar nan, mi za mu yi?" da mun samu mafita mu biyu, don ke yarinya ce mai hankali tun kina ƙarama. Sai na ɓoye tsoron, na fito maki da iko. Aikin da za ki koya aiki ne na masu tsoro, majinyaci yana tsoro, mai jinyarshi yana tsoro, wata rana ke ma za ki ji shi. Mai faɗa da yawa sau tari tsoro ne ke cin shi. Ki tuna da ni in kin gamu da irinsu, ki yi masu haƙuri, amma kada ki zama su.

Bayan kamar wata biyar Gwaggonki Luba ta zo daga Goronyo. Ban san mi kunka tattauna ba, sai dai da za ta koma ta bar maki ƙunshi. Yadi ne shara-shara, ruwan madara mai furanni kore. Kin ɓoye shi ƙarƙashin katifa, kina kalmashe bakinshi da zare da allura kaɗan-kaɗan in na fita. Daga baya na ga ɗinkin, ya fi nawa kyau.

Ranar da na tafi suna Marnona kinka cire ƙusoshin nan, kinka rataya naki, kinka kira ƙawayenki uku su zo su gani. Na dawo da la'asar, tun daga lungu na hango inuwar kawunanku ta taga, ina jin dariyarku. Balkisu, ban san lokacin da na shiga ɗakin ba. Zan faɗi gaskiya, ɗakin ya yi kyau. Na gani da idona, hasken ya sauka a kan ledar, furannin labulen sun ɗauko launin bango, kamar ba cikin gidanmu ba. Na ga haka, kuma duk da haka na kama labulen na fizge har wayar ta tsinke. Na ce, a gaban ɗiyan mutane, "Wa kike son ya gan ki? Faɗa mani, wane ne a lungun nan kike yi wa talla?"

Ƙawayenki sunka sulale ɗaya bayan ɗaya, ko takalmi wata ba ta tsaya sawa daidai ba. Ke kuwa kinka ce, "Ba kowa, Inna." Sau ɗaya kinka faɗa, ba ki ƙara ba. Kina da shekara goma sha huɗu, ba ki taɓa tsayawa da wani namiji ba, na sani sarai. Na san ƙarya nake maki tun maganar tana bakina. Daga ranar ban sake ganin ƙawa ta taka ɗakinki ba.

Ki kiyayi wanga, ɗiyata. Kada ki kwaɓi mutum a gaban waɗanda yake jin kunya. Ki ja shi gefe, ko ki jira su watse. Faɗan da anka yi a ɓoye yana wucewa, wanda anka yi a gaban mutane kuwa kowa ya tafi gida da nashi kason, ba ki da hanyar tattaro shi. Sannan kada ki jefi kowa da zargin da ke kanki ba ki yarda da shi ba, don kawai ki yi nasara a gardama. Na yi shekaru ina koyar da ɗiyan mutane a firamaren ƙauye, ina hana malamai 'yan'uwana zagin yaro gaban aji. Na zo kan tawa ɗiyar na manta.

Abin da na yi bayan nan ya fi ba ni kunya, shi ya sa na daɗe riƙe da biro kafin in rubuta. Na mai da labulen duhun na ƙara ƙusa. Naki kuma ban mai da maki ba, ban kuma aje shi ba. Na ga yadin shara-shara ne, sai na sa almakashi na raba shi huɗu na mai da shi matacin kamu. Na gaya wa kaina wai kada a yi asarar yadi. Washegari kin fito za ki makaranta kinka gan shi a kan igiyar shanya, ya yi dabbare-dabbare da gasara, ga ɗinkin hannunki a gefe. Kin tsaya kin dube shi, kin gyara jakarki, kinka ce, "Inna, na tafi." Mun sha kunun da anka tace da shi fiye da shekara. Ke kin daina shan kunu, ni kuma na ce iyayi ne.

Ba don tattali na yanka shi ba. Na yanka shi don kada ki sake rataya shi, kuma don ki san wa ke da gida. Abin da na koya a nan shi ne, in kin fi ƙarfin mutum kin karɓe abu daga hannunshi, to ki tsaya nan, kada ki bi shi da wulaƙanci. Kuma abin da kike gani tsumma ne, wataƙila wani ya zuba ranshi a ciki. A ɗakin kwananku na makaranta za ki ga wata tana lallaɓa wani kofi mai tsaga ko wani tsohon hoto. Kada ki taɓa, kada ki yi dariya. Ba ki san mi ya rage mata a duniya ba.

Shekara uku labulen nan yana kafe. A cikinsu kin canja a gabana ina kallo. Kin daina karatu a ɗaki, sai gindin darbejiyar tsakar gida, ko rana ta take. In anka yi ruwa sai ki koma zaure ki zauna bakin ƙofa. Da safe idanunki jawur. Kin rame. Sakamakon jarrabawarki ya yi ƙasa, ke da ba ki wuce na uku. Ɗakin da kinka yi wa fenti da murna ya zama wurin aje kaya, ki shiga da sauri ki fito da sauri. Kwalbar filawar ma ban san ranar da ta ɓace ba.

Mi na yi? Na karɓo maki rubutu kin sha. Na sayo maganin ƙarin jini. Na yi hayaƙi a ɗakin, na ƙara mashi duhu da ƙauri. Na tambayi maƙwabta, na tambayi mai kemis, na tambayi malamin Islamiyyarku. Mutum ɗaya ne ban tambaya ba, ke. Ina tsammanin na san amsar tana wurinki, kuma na san ba za ta yi mani daɗi ba.

Da kinka yi hutun aji biyar babanki ya matsa ki tafi Goronyo wurin Gwaggo Luba ki canja iska. Sati uku kinka yi. Ita da kanta ta rako ki gida, na ga kin yi kumari, har fatarki ta yi haske. Bayan an ci abincin rana ta ce mani, "Habsatu, taso." Ta kama hannuna kamar wata yarinya ta kai ni ɗakinki, ta kira ki, ta tura ƙofa ta rufe. Rana tsaka ce, amma ko tafin hannuna ba na gani sosai. Zafi ya taso, ga warin ƙura daga labulen.

Ta ce, "Zauna."

Na zauna bakin gado. Na ce, "Yaya Luba, lafiya?"

Ta ce, "Ki dai zauna. Yarinyar nan a wurina barci take kamar jaririya, taga buɗe, iskar madatsar ruwa na shigowa. Na tambaye ta don mi ba ta barci a gida. Balkisu, faɗa mata abin da kinka faɗa mani."

Ina jin numfashinki yana fita da sauri-sauri. Sannan kinka ce, "Inna, in na rufe ƙofar nan, rumbun nake komawa. Ina jin ƙaiƙayin geron a wuyana. Ina jin su suna yawo a tsakar gida, ɗaya har ya jingina da rumbun yana tari. Kin ce kada in motsa. To ko yanzu in na kwanta a nan ba na iya motsawa."

Na ce, "Don mi ba ki faɗa mani ba?"

Kinka ce, "Ba ki tambaye ni ba. Kuma na ga kamar in labulen yana nan kin fi samun kwanciyar hankali."

Balkisu, na binne ɗa, na bar gidan da anka kai ni amarya, amma ban taɓa jin abin da na ji a bakin gadon nan ba. Wato shekara uku kina kwana a cikin abin da kinka fi tsoro don ni in samu barci. Ni ina cewa tsare ki nake, ashe ke ce kike jinyata.

Gwaggonki ta tashi ta kama labulen ta ja, ƙusoshin sunka yi ta faɗuwa a kan leda. Fentin da ke bayanshi yana nan sabo, sauran bangon duk ya koɗe. Ta ce, "Habsatu, ke da iliminki, ba ki san ana sa labule biyu a taga ɗaya ba? Shara-shara a ciki don rana, mai kauri a kan waya ta biyu, a zuge shi in za a kwanta ko za a canja kaya, kuma mai ɗakin ita ke zugewa da hannunta. Sai a sa ƙarfe a tagar in tsaro kike so. Yadi ya taɓa hana ɓarawo shiga?" Abu mai sauƙi haka, ban taɓa tunaninshi ba, don tun farko ba mafita nake nema ba, so nake a bi abin da na ce.

Nasihata a nan ita ce wadda za ta fi yi maki amfani a aikinki. Ki tambayi mai ciwo. Kada ki tsaya kan abin da dangi sunka ce, ko abin da ke rubuce a kati. Ki durƙusa kusa da shi ki ce, "Mi ke damunka?" sannan ki rufe bakinki ki jira, ko zai daɗe. Wanda bai yi kuka ba, shi za ki fi sa wa ido. Kuma ke ma, don Allah, ki daina wagga ɗabi'a ta haɗiye ciwo don wani ya ji daɗi. Ni na koya maki ita, ina roƙon ki aje ta. In abu ya dame ki a can, ki faɗa, ko a wurin malamarku, ko a wurin Gwaggonki in ni ba ki iya faɗa mani.

Za ki yi zaton daga ranar na gyaru. Kin san ban gyaru ba. Abin da ya kamata in yi shi ne in kama hannunki in ce ki yafe mani. Kalma uku ce. Na kasa. Na ce a raina uwa ba ta roƙon ɗiyarta gafara, ai za ta gane. Sai na sake komawa kasuwa, ni kaɗai kuma, na sayo labule mai haske, ruwan hoda mai ƙyalli, irin na ɗakin amare. Na rataya kafin ki dawo daga makaranta, na zauna ina jiran ki yi murna. Ruwan hoda a kan algashi, ga leda ruwan madara, kowanne yana faɗa da ɗan'uwanshi. Kin shigo kin duba, kinka ce, "Na gode, Inna. Allah Ya ƙara buɗi." Irin godiyar da ake yi wa baƙo. Shekara biyu kinka zauna da shi ba ki ce uffan ba. Barcinki ya dawo, karatunki ya dawo, har Allah Ya kai ki inda kike yanzu. Amma ba ki sake jan hannuna kin ce "zo ki gani" ba, a kan komai. Ko takardar samun makarantar nan, a bakin babanki na ji.

Kyauta ba ta zama madadin ban haƙuri. In kin ɓata wa mutum, ki faɗa da bakinki, ki ambaci laifin da sunanshi, kada ki aika da tsaraba ta yi maki magana. To ga ni ina yin abin da nake gaya maki, ko da yake na makara da shekaru. Na zaɓa maki ba tare da na tambaye ki ba, sau biyu. Na yi maki ƙazafi gaban ƙawayenki. Na yanka abin da kinka ɗinka da hannunki. Na bar ki cikin duhu shekara uku. Ki yafe mani, Balkisu. Ba na cewa ki amsa yanzu, kuma in kin amsa kada ki amsa don ki kwantar mani da hankali.

Babanki da ya raka ki ya ce ku huɗu ne a ɗaki, taga ɗaya, kuma babu labule. Ban saya maki ba, kuma ba zan saya ba. Ku zauna ku huɗun ku yi shawara, don tagar ta kowa ce. Ku auna ta da igiya, tsawo da faɗi, ku ƙara kamu ɗaya saboda yadi yana shiga in an wanke. Ki tafi da ɗan abin da ke da launin bangon a hannunki, kada ki dogara da ido, ido yana mantuwa a kasuwa. Kada ki zaɓa a cikin rumfa, ki fito da yadin bakin ƙofa ki ɗaga shi a rana ki ga irin hasken da yake bari ya wuce. In akwai wadda ta yi shiru a cikinku, ita za ku fara tambaya.

Saura abu ɗaya, shi ne ma ya sa na zauna rubutun nan. Shekaranjiya babanki ya ce Saratu ta koma ɗakinki, tunda ta kai sha uku. Munka share, munka cire mai ruwan hodan. Na ce a raina wanga karon zan yi daidai. Na kira ta na ce, "Saratu, ɗakinki ne yanzu. Wane irin labule kike so?"

Ta dubi fuskata, ba ta dubi tagar ba. Ta ce, "Duk wanda kike so, Inna."

Na ce, "A'a, ke nake tambaya."

Ta ce, "Wanda ba zai ɓata maki rai ba."

Ban taɓa ɗaga mata murya a kan labule ba, ko sau ɗaya. Ashe tana tsaye tana kallo duk shekarun nan, ta haddace darasin ba tare da an koya mata ba. Na zauna a ƙasa kan ledar, na ce ta zauna. Na ce ba inda za mu sai ta faɗa. Muna nan zaune har tuwon da na ɗora ya fara kamawa, ina jin ƙaurin ban tashi ba. Can ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, kamar mai amsa laifi, "Ruwan goro."

Ruwan goro ba ya shiga da algashi ko kaɗan, ke ma kin sani. Bakina har ya buɗe zai faɗi haka, na kama shi. Na ce, "To. Ranar kasuwa tare za mu, ke za ki nuna." Ba ta yi murmushi ba. Ta dai dube ni tana jiran ta ga inda zan sauya magana. Ina jin za ta daɗe tana jira kafin ta yarda, kuma ba ni da wanda zan ba laifi.

Allah Ya tsare mani ke a inda kike, Ya tsare fitarki da shigarki, Ya kare ki daga mugun ji da mugun gani. Allah Ya ba ki ilimi mai amfani, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga bayinSa. Allah Ya kawo muna zaman lafiya a ƙasarmu, Ya jiƙan waɗanda munka rasa. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki ci abinci ko ba ki jin yunwa. Saratu tana gaishe ki. Ki gaishe mani da abokan ɗakinki, ko da ban san sunayensu ba tukuna.

Wassalam.

Innarki,
Habsatu